Me ya sa muke miƙa asirinmu ga wayar salula?

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, kuma ina so mu tattauna shi a tsanake. Na raka wani dattijo maƙwabcina cikin kasuwar Tawa domin ya sayi waya irin ta shafawa, saboda ƴaƴansa da ke ci-rani sun matsa masa ya riƙa jin muryarsu ta WhatsApp. Yaron shagon ya karɓi katinsa na ɗan ƙasa ya ɗauki hotonsa gaba da baya da tasa wayar, ya buɗe masa adireshin Gmail, ya zaɓa masa kalmar sirri da kansa ya rubuta a wani littafi da ke cikin aljihun teburinsa, sannan duk rubutun Faransanci da ya fito yana neman amincewa sai ya danna ya wuce. Dattijon bai tambayi komai ba, godiya kawai ya yi. Wannan kuwa mutum ne da ko shekara ashirin kuka yi tare ba zai faɗa maka yawan shanunsa ba, kuma baƙo ba ya wuce zauren gidansa sai an yi masa iso. Yaya aka yi mutanen da kullum addu'arsu ita ce Allah ya rufa asiri suke bayar da nasu cikin minti goma? Ni dai a ganina rashin sani ne, amma ina so in ji ta bakinku.

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam Malam. Ku yi mini haƙuri, ban yarda a kira shi rashin sani ba, domin ni na rayu a zamanin da babu waya kuma na san abin da muka gani. Lokacin da maigidana yake zuwa Abijan, in ya aiko wasiƙa sai na ɗauke ta na kai wa wani mai ilimin boko ya karanta mini, kuma duk abin da miji ke faɗa wa matarsa sai ya bi ta bakin wani namiji kafin ya iso kunnena. Daga baya aka koma aiko kaset, shi ma sai ka ari rediyo, kuma kafin ka kunna yara da matan gida sun kewaye ka. Kuɗi kuwa a hannun matafiyi ake ba da su, kafin motar ta iso tasha rabin unguwa sun san jikka nawa aka aiko wa wance, washegari masu neman rance sun yi sallama. Yau ɗana yana turo mini kuɗi, saƙo ya shigo wayata, in je in karɓa in dawo, ko wadda muke kwana gida ɗaya ba ta sani ba. Saboda haka ni a wurina waya rufa mini asiri ta yi. Idan wani kamfani da ke can wata duniya ya san an turo mini kuɗi, ba shi zai zo bikin ƴata ya yi mini gori ba.

Malam Mai Alli:
Hajiya, wannan magana taku ta sa na tsaya na yi tunani, domin ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Ke nan asirin da muke tsaro tun kaka da kakanni daga idon wanda ya san mu ne, maƙwabci da suruki da abokin gaba, shi kuwa wanda ba shi da fuska ba mu saba lissafa shi cikin masu leƙen gida ba.

Mai Gyaran Waya:
Baba Malam, abin da Hajiya ta faɗa shi nake gani a teburina kowace rana, kuma ina da misalin da ya fi kowane bayyana shi. Matasa da yawa suna zuwa in saka musu wata WhatsApp da ba ta ainihi ba, wadda ake kira GB, da ba a samun ta a Play Store sai dai a tura daga waya zuwa waya ko a sauke ta daga wasu shafukan intanet. In ka tambaye su dalili sai su ce tana ɓoye cewa sun karanta saƙo, tana ɓoye lokacin da suka hau, kuma tana nuna musu abin da wani ya goge. Wato domin su ɓuya daga aboki ko budurwa ko mai bin su bashi, sun yarda duk hirarsu ta bi ta cikin manhajar da ba wanda ya san wanda ya ƙera ta. Ina faɗa musu haka, amsar da nake samu ita ce in saka kawai.

Kuma ina so in ƙara da cewa ba marasa karatu kaɗai ke yin haka ba. Ma'aikata da ɗaliban jami'a suna kawo mini waya gyara su bar ta kwana biyu tare da kod ɗinta, da hotunan iyalinsu da takardun aikinsu a ciki. Wani zai sayar da tsohuwar wayarsa bai goge komai ba. Manhajar tocila za ta nemi izinin ganin lambobin mutane da wurin da kake, abin da ba shi da alaƙa da haska ɗaki, mai digiri ya danna amincewa domin yana sauri. Shi ya sa nake ganin gaggawa ta fi jahilci yawa a cikin lamarin.

Ɗalibar Shari'a:
Ina gaishe da iyayena da yayyena. Daga nan Yamai nake bin muhawarar, kuma ina so in kawo abin da doka ta ce, saboda da yawa ba su san muna da ita ba. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun shekarar 2017, aka sake sabunta ta a 2022, kuma akwai hukuma ta musamman da ake kira HAPDP wadda aikinta ke nan. A ƙarƙashin irin wannan doka, wanda ya karɓi bayananka dole ya kasance da dalili bayyananne, kada ya yi amfani da su a wani abin da ba shi aka ambata ba, kuma kana da haƙƙin ka nemi sanin abin da aka ajiye a kanka, a gyara in da kuskure. Tarayyar Afirka ma tana da yarjejeniyar Malabo ta 2014 kan tsaron intanet da kare bayanan mutane, wadda sai a 2023 ta fara aiki saboda jinkirin ƙasashe wajen amincewa da ita.

Matsalar tana wurin kalmar amincewa. Doka tana ɗauka cewa wanda ya danna ya karanta ya fahimta, alhali kowa ya san ba haka ba ne. Wasu masu bincike biyu a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun yi lissafi a 2008, suka gano cewa in mutum zai karanta ƙa'idojin sirri na duk shafukan da yake ziyarta, zai ci sama da awa 200 a shekara. Wannan ga Ba'amurke ke nan da aka rubuta abin cikin harshensa. To ina ga dattijon Malam, wanda aka nuna wa shafuka cikin Faransancin lauyoyi a tsakiyar kasuwa? A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ni har yau ban taɓa sayen layi ko buɗe asusun kuɗi na waya aka karanta mini sharuɗɗan da Hausa ba. Amincewar da aka samu ta haka, a ganina, sunanta kawai amincewa.

Ɗan Ci-rani:
Ƙanwata, Allah ya ƙara basira, amma bari in faɗi abin da yawancinmu da ke nan Abijan za su faɗa. Ni talla nake yi, ina yawo da kaya a kai daga safe zuwa magariba. Abin da ke cikin wayata shi ne muryar mahaifiyata tana tambayar ko na ci abinci, da farashin buhun hatsi a Badagishiri, da hoton ɗan da aka haifa mini ban gan shi ba tukuna. Me wani attajiri a Amurka zai yi da wannan? Wanda ke da dukiya ko mulki shi ke da abin ɓoyewa.

Kuma ko na so in bari, ina zan je? A farkon 2021, da aka yi ta yaɗa cewa WhatsApp ta canza sharuɗɗanta za ta riƙa raba bayanai da Facebook, ina cikin waɗanda suka sauke Signal, wata manhajar hira irin WhatsApp. Na zauna a cikinta mako biyu, ban sami kowa ba sai mutum uku, su ma ba sa amsawa. Mahaifiyata tana WhatsApp, masu sayen kayana suna can, zauren ƴan garinmu inda ake sanar da rasuwa da haihuwa da tara gudummawa yana can. Wanda ya fita shi kaɗai ya yanke kansa daga dangi ne. Na koma, kuma ban ji kunyar komawa ba.

Ɗalibar Shari'a:
Yaya, maganarku ta biyu gaskiya ce tsantsa, kuma ita ce ta sa nake cewa bai dace a ɗora wa mutum ɗaya laifi ba. Ba a banza Facebook ya biya kusan dala miliyar 19 ya sayi WhatsApp a 2014 ba, a lokacin da manhajar ba ta kawo wani kuɗin kirki. Abin da ya saya shi ne taron jama'ar da ba za su iya watsewa ba, domin kowa yana riƙe da kowa.

Amma ta farko ina da ja a kanta. Tun 2016 abin da kuke faɗa a WhatsApp a kulle yake tsakaninku da wanda kuka aika wa, kamfanin ba ya jin muryar Inna. Sai dai akwai abin da ke wajen ambulan: lambarku, lambobin da ke cikin wayarku, lokacin da kuke hawa, irin wayar da kuke riƙe da ita, da ƙasar da kuke. Bayanin mutum ɗaya ba shi da tsada, gaskiya ne, amma in aka tara na miliyoyi ya zama hajar da ake sayar da talla da ita, har a karkata ra'ayin jama'a. A 2018 aka tona cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane har kusan miliyan 87 daga Facebook domin aikin siyasa, mafi yawansu ba su taɓa jin sunansa ba, abokansu ne suka amsa wasu tambayoyi a wata manhaja aka kwashe har da nasu. Wata hukumar gwamnatin Amurka ta ci Facebook tarar dala miliyar 5 a 2019. Sannan abin da aka tara yana iya zubewa: a Afrilun 2021 an baza bayanan masu Facebook miliyan 533 a intanet, da sunaye da lambobin waya. Wanda ya tsinci irin wannan jeri ba ya tambayar ko mai lambar attajiri ne ko ɗan talla.

Hajiya Mai Atamfa:
Ƴata, kin taɓo mini wani tabo, kuma tunda gaskiya ake nema zan faɗa ko da ya rage ƙarfin maganata ta farko. Bara wani ya kira ƙanwata da dare, ya ambaci sunanta, ya ambaci sunan ɗanta da ke Libiya da sunan ƙauyenmu, ya ce an kama yaron kuma in ba a turo jikka ɗari biyu kafin safiya ba, ba ya da tabbacin abin da zai faru. Ta kira lambar yaron ba ta shiga, abin da ya saba faruwa in yana wurin aiki. A daren ta sayar da tumakinta biyu da arha, muka cika mata sauran, aka tura. Bayan kwana biyu yaron ya kira lafiyarsa lau, bai san komai ba. Har yau ba mu san inda mutumin ya samu sunayen ba, amma yaron yakan saka hotunansa da inda yake a Facebook, kuma lambar uwarsa tana cikin zaure fiye da biyar. Duk da haka ban ajiye wayata ba, ita ma ba ta ajiye ba, domin da me za ta ji muryarsa?

Malam Mai Alli:
Allah ya mayar mata da alheri, Hajiya. Abin da na lura da shi a labarin nan shi ne, amfanin waya a hannu yake, yau kake ganinsa, ita kuwa cutar sai bayan wata ko shekara take zuwa, kuma in ta zo ba ta faɗin ta ƙofar da ta shigo. Mutum ba zai iya haɗa kiran da ya raba shi da tumakinsa da wani danni da ya yi bara a shagon waya ba. Na janye kalmar rashin sani da na fara da ita, ko da yake ina nan a kan cewa da an bayyana wa mutane da harshensu, da wasu abubuwan ba su yarda ba.

Alaramma:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma akwai gefen da ba a taɓa ba, wato haƙƙin wasu da ke hannunmu. Kowa yana magana a kan asirinsa, alhali rabin abin da ke cikin wayar mutum ba nasa ba ne. Lambar da ɗan'uwanka ya ba ka amana ce, ya ba ka ne domin ka kira shi. In ka sauke manhajar da ke nuna sunan mai kira, ka ba ta izinin kwashe lambobin da ke wayarka domin ka huta da tambayar wane ne, ka bayar da abin da ba a ba ka izinin bayarwa ba. Allah ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurati aya ta 12, kuma a Suratun Nur aya ta 27 ya hana shiga gidan da ba naka ba sai da neman izini da sallama. Ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya tsaya a ƙofar zaure ya ƙi shiga waya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda muke yi da kyakkyawar niyya. Za a ɗauki hoton mara lafiya a gadon asibiti, da takardar likita da sunansa da cutarsa, a baza a zauruka domin neman taimako, ba a tambaye shi ba. Za a yi hatsari a hanyar Ƙonni, hoton mamaci ya isa wayar matarsa kafin manyan da za su je su sanar da ita su iso. Za a ce ana rabon tallafi, kowa ya turo hoton katinsa a zauren mutum ɗari biyu, domin ya fi sauƙi a kan a bi gida gida. Duk waɗannan ba wani kamfani ya tilasta mana ba.

Ɗan Ci-rani:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta shige ni, domin ni da kaina na taɓa tura katin mahaifiyata a irin wannan zaure. Amma ku duba halin da ake ciki. In aka ce tallafin buhun shinkafa ne kuma za a rufe rajista da la'asar, wa zai tsaya yana tambayar inda hoton zai kwana? Mai ƙoshi ne ke da sararin yin wannan tambaya.

Ɗalibar Shari'a:
Haka ne Yaya, kuma ba mu kaɗai ba ne. A Kenya a 2023 dubban mutane sun yi layi a Nairobi wani kamfani mai suna Worldcoin yana ɗaukar hoton ƙwayar idonsu yana ba su ɗan kuɗin intanet, har gwamnati ta dakatar da aikin a watan Agusta na shekarar. Kalmar sirri in ta fita ana canza ta, amma ƙwayar ido da zanen yatsa ba a sake su.

Ina kuma so in koma kan maganar Inna Hajiya ta farko, cewa na nesa ba zai zo ya yi mata gori ba. A maƙwabciyarmu Nijeriya an ga yadda na nesa yake dawo da asiri cikin unguwa. Manhajojin ba da rance sun riƙa ba mutane bashi cikin minti kaɗan ba tare da jingina ba, sharaɗin kawai a ba su izinin ganin lambobi da hotuna. In mutum ya yi jinkirin biya sai su aika wa surukansa da abokan aikinsa da duk wanda ke cikin wayarsa saƙo cewa wane macuci ne. Abin ya yi muni har hukumar kare masu saye ta ƙasar ta shiga farautarsu, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Wanda ya karɓi rancen ya guje wa kunyar roƙon ɗan'uwa ne, sai ga shi duk dangi sun ji a rana ɗaya. Ita wannan hukuma ce kuma ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan ƴan ƙasar, wanda ke nuna cewa ƙasar Afirka ma tana iya tsayawa in ta ga dama. Mutum ɗaya ba ya iya ciniki da kamfanin da ya fi ƙasarsa kuɗi, aikin hukuma ne, mu kuma namu shi ne mu riƙa kai ƙara domin ta san ana cutuwa.

Mai Gyaran Waya:
Kafin hukuma ta iso, akwai abin da ke hannunmu wanda ba ya cin ko dala. A cikin saitin kowace wayar Android akwai wurin izini, inda mutum zai ga manhajojin da ke ganin lambobinsa da kamara da makirufo da wurin da yake, ya kashe wa duk wadda ba ta da buƙata. A WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, lamba shida ce da mutum zai zaɓa, ita ke hana a sace masa asusu. Lambar da ke shigowa ta saƙo kuwa ba a faɗa wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake. Baba Malam, game da dattijonku, ku koma shagon tare da shi, a goge hoton katin a gabanku har da cikin kwandon shara na wayar, a yage shafin littafin, sannan a canza kalmar sirrin. Yawancin masu shago ba mugunta ke sa su ajiye ba, suna yi ne domin mai waya yakan dawo ya ce ya manta, amma littafin yana iya faɗawa hannun kowa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana, in an canza kalmar sirrin, wa zai riƙe masa ita? Mutumin nan ba ya karatun boko, ƴaƴansa duk suna waje, kuma ranar da wayar ta rikice dole ya sake miƙa ta ga wani.

Malam Mai Alli:
Na yi wannan tunanin, Hajiya. Yana rubuta ajami da kyau, saboda haka lambobin zai rubuta su da hannunsa ya ajiye cikin gafakarsa, kalmar Gmail ɗin kuma zan tambaye shi wanda ya yarda da shi cikin ƴaƴansa mu kira shi a faɗa masa, ni ba na so in riƙe. Gobe bayan azahar za mu koma kasuwar in Allah ya kai mu. Ɗana mai gyara, in kana shago a lokacin za mu biyo ta wurinka ka duba mana wurin izinin nan, domin ni ma tawa wayar ban taɓa buɗe shi ba.

Mai Gyaran Waya:
Ina nan har magariba, Baba. Ku zo da cajar wayar, domin sabuwa ce kuma wataƙila za ta nemi sabuntawa kafin mu fara.